Daga Gidan Rumji zuwa hawa na bakwai: me mai sayen apartman yake saya?

Dillalan gidaje sun daina jiran mai saye ya same su a ofis. Yanzu su ke zuwa har cikin aljihunsa ta WhatsApp da TikTok. Bidiyo ne na minti ɗaya: falo shimfiɗe da tayil, tagar gilashi daga sama har ƙasa, fitilun birni suna walƙiya, ga murya tana cewa saura guda uku kacal. Wannan bidiyo yana isa wayar ɗan kasuwar Gidan Rumji kamar yadda yake isa ta ma'aikacin banki a Yamai. Mutumin da ya tara abin hannunsa daga aya da riɗi a kasuwar Cadawa, ko daga wake da dabbobi tsakanin Gazawa da Jibiya, sai ya fara lissafin mallakar abin da mutanen Nijar ke kira apartman, na Najeriya kuma filat, a wata unguwa mai hada-hada ta Yamai ko Kano ko Abuja, ko ma Dubai.

Kada a yi saurin cewa son burga ne kawai. Akwai burgar, amma akwai abin da ya fi ta nauyi. Tun daga 2019 yankin da ke kan iyakar Nijar da Najeriya ya canza. Dubban 'yan gudun hijira daga jihohin Sakkwato da Zamfara da Katsina sun tsallako zuwa ƙauyukan Gidan Rumji, har aka kafa musu matsugunai a Ɗan Dajin Makau da Garin Kaka da Cadakori. 'Yan bindigar da suka koro su ba su tsaya a iyaka ba. Satar shanu da sace mutane don kuɗin fansa sun taɓa Gidan Sori da Tsibiri da Madarumfa, kuma wanda aka san yana da hali shi ake fara nema. A irin wannan yanayi, gidan da ke hawa na bakwai, mai ƙofa ɗaya da mai gadi, inda maƙwabci bai san sunan kakanka ba, yana da wani daɗi da mutumin da bai taɓa kwana da ido ɗaya a buɗe ba ba zai gane ba. Ga karatun yara, ga asibiti. Waɗannan dalilai ne na gaske, kuma duk sharhin da ya raina su ya raina mai karatunsa.

Zuba kuɗi a gidaje kuma tsohuwar ɗabi'ar attajiran wannan yanki ce. Bafaranshe Emmanuel Grégoire, a littafinsa na 1986 kan Alhazan Maraɗi, ya nuna yadda 'yan kasuwar da suka taso da cinikin gyaɗa, daga baya suka koma fiton kaya zuwa Najeriya, suka riƙa mayar da ribarsu filaye da gidajen haya. Garin da kansa sabon gini ne: bayan ambaliyar 1945 ta cinye tsohuwar Maraɗi da ke bakin gulbi, aka tashi aka koma kan tudu aka yanka filaye. Wanda ya riƙe fili a lokacin, jikokinsa suna cin moriyarsa yau. Abin da ya bambanta shi ne Alhajin wancan zamani ƙasa yake saya. Yakan kewaye ta da katanga, ya yi zaure, ya yi sashen kowace mace, ya bar wuri ga wanda za a haifa. Mai sayen apartman kuwa ɗakuna yake saya a sararin sama, da wani ɗan rabo a ƙasar da shi da mutum ashirin ko hamsin suka yi tarayya a kanta.

A nan duk maganar take. Fili ba ya tsufa. Ƙidayar 2012 ta nuna jihar Maraɗi na da mutum kusan miliyan 3.4, yankin Gidan Rumji kaɗai ya haura rabin miliyan, kuma al'ummar Nijar na ƙaruwa da kusan kashi 3.9 cikin ɗari a shekara. Mutane na ƙaruwa, ƙasa ba ta ƙaruwa, shi ya sa filin da aka saya a bayan gari yau, bayan shekara goma ya zama tsakiyar unguwa ko da mai shi bai ɗora bulo ɗaya a kai ba. Gini kuwa tun ranar da aka miƙa makulli yake fara lalacewa. Fenti ya dushe, bututu ya tsage, na'urar hawa bene ta tsaya. Idan darajar apartman ta tashi, yawanci ƙasar da ke ƙarƙashinsa da unguwar da yake ciki ne suka tashi, kuma rabon mai hawa na bakwai a wannan ƙasa ɗan kaɗan ne.

Wani zai ɗauka wannan sabon al'amari ne da ya zo mana daga Turai. Ɗalibin da ya zauna a zauren malaminsa a Tsibiri ko Katsina ya san ba haka ba ne. Risala ta Ibn Abi Zaid Alƙairawani, wadda aka rubuta sama da shekara dubu da ta wuce, ta yi magana kan gida mai sama da ƙasa da mutum biyu suka mallaka, ta ɗora gyaran ƙasan da rufinsa a kan mai ƙasa, har ana iya tilasta masa ya gyara ko ya sayar wa wanda zai gyara. Muhtasar na Halil ya halatta sayar da sararin da ke saman gini don wani ya gina, da sharaɗin a siffanta ginin da za a yi. Malaman Ƙairawan da Alƙahira sun zauna a biranen da ke da benaye, sun ga rigimar da ke tashi tsakanin na sama da na ƙasa, suka yi mata hukunci tun kafin ta iso gare mu. Abin mamaki shi ne mai sayen yau yakan tambayi dillali launin tayil, ya manta tambayar da Risala ta amsa tun tuni: idan ginshiƙi ya tsage, wa zai gyara, kuma wa zai tilasta masa?

Sai batun sayen gidan da ba a gina ba. Mafi yawan tallan da ke yawo a waya na irin wannan ne: hoton kwamfuta, da alƙawarin makulli bayan shekara biyu, da rangwame ga wanda ya fara biya. Malaman Malikiyya na da ba su yarda da biyan kuɗi gaba a kan gida ko ƙasa ba, irin yadda ake yi a kan hatsi. Majalisar fiƙihu ta ƙasashen Musulmi da ke Jidda ta buɗe ƙofa a 1990 ta hanyar yarjejeniyar ƙera abu bisa oda, amma da sharaɗin a fayyace siffar gidan ta yadda ba za a yi jayayya ba. Halaccin ciniki daban, amincinsa daban. Ranar 1 ga Nuwamba 2021 wani bene mai hawa 21 da ake ginawa a titin Gerrard a Ikoyi, unguwar da ta fi kowace tsada a Legas, ya rufta ya kashe sama da mutum 40, har da mai kamfanin. Hukumomin Legas sun ce hawa 15 aka ba shi izini. Gidajen alfarma ne da ake tallarsu tun ana kan gini. Hausawa sun ce ba a cinikin biri a sama, kuma ban san cinikin da karin maganar ya fi dacewa da shi kamar wannan ba.

Mu ɗauki biranen ɗaya bayan ɗaya, mu fara da Yamai, tunda nan ne ɗan Nijar ke da cikakken 'yancin tsayawa gaban alƙali. Unguwannin Plateau da Kwara Kano da Yantala su ne inda ofisoshin jakadanci da ƙungiyoyin agaji suka taru, kuma kasuwar gidajen alfarma a kansu ta dogara. Taron ƙolin Tarayyar Afirka na Yuli 2019 ya kawo sababbin otal irin su Radisson Blu da Noom da Bravia, aka sabunta filin jirgin Diori Hamani, masu kuɗi suka ga kamar birnin ya kama hanyar Abijan da Dakar. Shekara huɗu bayan nan, ranar 26 ga Yuli 2023, sojoji suka karɓi mulki. Takunkumin ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, CEDEAO, ya biyo baya, Najeriya ta yanke wutar da ke ba Nijar kusan kashi 70 cikin ɗari na abin da take amfani da shi, sojojin Faransa suka fice a Disamba, ofishin jakadancinta ya rufe a Janairu 2024, sojojin Amurka suka kammala fita a Satumba. Ko mutum yana murna da wannan ko yana baƙin ciki, lissafin mai gidan haya ɗaya ne: masu biyan haya mai tsoka da kuɗin waje sun ragu, ma'aikacin gwamnatin Nijar kuwa albashinsa ba ya ɗaukar wannan haya. Kuma a watannin da wuta ke ɗaukewa sa'o'i da yawa a rana, mazaunin bene ya gane cewa hawansa da ruwansa da sanyin ɗakinsa duk a hannun janareta ɗaya suke, wanda sai kowa ya biya kuɗin gazuwal zai tashi.

Batun takarda a Nijar yana buƙatar natsuwa. Mutumin karkara ya saba da shaidar mai gari da takardar hukumar filaye da dokar karkara ta 1993 ta kafa. A birni yawancin mutane takardar da magajin gari ke bayarwa bayan yankan filaye suke riƙe da ita, kuma kowa ya ji labarin fili ɗaya mai takarda biyu. Wadda ta fi ƙarfi ita ce titir fonsiye, wato takardar mallaka da aka yi wa rajista a littafin filaye na ƙasa. Ga mai sayen apartman tambayar ta ninku: filin da benen ke kai yana da wannan takarda? Da sunan wa? An jingina ta a banki don a ci bashin ginin? Kuma wace takarda ce za ta nuna cewa ɗakuna kaza a hawa kaza naka ne kai kaɗai, tare da rabonka a matakala da rufi da ƙasa? Idan amsar ita ce rasit mai tambarin kamfani, to kuɗi ka ranta wa kamfanin ba tare da jingina ba. Irin wannan ciniki gaban noter ake yin sa, wato jami'in da doka ta ba ikon rubuta ciniki da tabbatar da shi, kuma kuɗin da zai karɓa shi ne mafi arhar abin da za a kashe a duk harkar.

Kano ta fi Yamai kusa da mu, a hanya da kuma a zuciya. Daga Maraɗi zuwa Yamai sama da kilomita 600 ne, zuwa Kano kuwa bai kai rabin haka ba, ga dangi, ga abokan ciniki a Kantin Kwari da Dawanau, ga layin dogon Kano zuwa Maraɗi da aka aza harsashinsa a Fabrairu 2021. Unguwannin Nasarawa da Bompai suna jan hankali, haka Maitama da Asokoro da Wuse a Abuja. Sai dai dokar filaye ta Najeriya ta 1978 ta sa duk ƙasar jiha a hannun gwamna. Abin da mutum ke samu izinin zama ne, galibi na shekara 99, kuma sayar da shi sai da amincewar gwamna. Ga wanda ba ɗan ƙasa ba kuwa ƙofar ta fi ƙunci, shi ya sa mutanenmu kan saya da sunan ɗan'uwa ko aboki ko kamfani. A 2017 kotun ƙolin Najeriya ta yanke hukunci kan wani Bajamushe da ya sayi fili a kan dutsen Kajuru a jihar Kaduna da sunan kamfanin da yake wa aiki. Da suka ɓata ya nemi a ce filin nasa ne, kotu ta ƙi. Amanar da ke tsakaninka da ɗan'uwanka na Katsina tana iya zama ƙaƙƙarfa, amma 'ya'yansa da za su gaje shi ba su yi maka alƙawarin komai ba.

Ko takardar gwamnati ma tana da ranarta. A Yuni 2023, kwanaki kaɗan bayan rantsar da Gwamna Abba Kabir Yusuf, aka rushe gine-ginen da aka yi a tsohon otal ɗin Daula da filin sukuwa da filin Idi na Kano, bisa hujjar cewa gwamnatin da ta gabata ta sayar da filayen jama'a ba bisa ƙa'ida ba. Abuja ta ga irin wannan a zamanin da Nasir El-Rufa'i yake ministan birnin, daga 2003 zuwa 2007. Yana da kyau mai saye ya san tarihin filin tun kafin a haƙa harsashi, musamman idan a da makaranta ce ko maƙabarta ko hanyar ruwa.

Akwai kuma abin da ɗan kasuwar iyaka ya fi kowa sani amma yakan manta idan ya zo kan gida: canji. Sefa a ɗaure take da Yuro, 655.957 kan kowane ɗaya. Naira kuwa kafin Yuni 2023 tana wajen 460 a dalar Amurka a farashin gwamnati, farkon 2024 ta haura 1,500. Wanda ya canza sefa ya sayi filat a Abuja a 2022, ko da farashin gidan ya ninka a naira, idan ya mayar da shi sefa zai iya tarar da bai dawo da uwar kuɗinsa ba, hayar kuma da naira ake biyansa. Wanda ke riƙe da sefa yanzu yana ganin gidajen Najeriya da arha, kuma gaskiya ne, muddin ya yarda cewa caca yake yi a kan makomar naira. Ita ma sefar ba ta da tabbacin har abada. Dattawa suna tuna Janairu 1994 da aka wayi gari ta rasa rabin darajarta.

Dubai ita ce mafarkin ƙarshe, kuma 'yan kasuwar Maraɗi sun san lungunan Deira kamar yadda suka san babbar kasuwar garinsu. A gaskiya ta fi sauran tsari. Tun 2002 aka ba baƙi damar mallaka a wasu unguwanni, akwai hukumar filaye mai rajista, ana biyan kashi 4 cikin ɗari na farashi wajen sauya suna, dokar 2007 ta tilasta wa masu gini ajiye kuɗin masu saye a asusu na musamman, dirhami kuma a ɗaure yake da dalar Amurka. Gidan da ya kai dirhami miliyan 2 yana ba mai shi damar neman izinin zama na shekara goma. Duk da haka, bayan rikicin kuɗi na 2008 farashin gidaje a can ya faɗi da kusan rabi, ayyuka da yawa suka tsaya, tsibirin Palm Jebel Ali ya yi sama da shekara goma a yashe. Daga 2022 zuwa Yuli 2024 Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, ƙasar da Dubai take ciki, ta daina ba 'yan Najeriya biza, kuma abin da ya sami maƙwabci yana iya samun kowa: gida naka, ƙofar ƙasar ta wani. Dokar canji ta ƙasashen UEMOA masu amfani da sefa kuma tana buƙatar izinin ministan kuɗi kafin mazaunin ƙasa ya zuba jari a waje, wanda ya bi ta bayan fage kuwa ranar da zai dawo da kuɗin zai rasa bayanin da zai yi. Ga ido kuma: rahoton Matthew Page da cibiyar Carnegie ta fitar a 2020 ya danganta gidaje 800 na Dubai, masu darajar sama da dalar Amurka miliyan 400, da 'yan siyasar Najeriya da makusantansu. Tun daga nan ɗan Afirka ta Yamma mai gida a can yana shan tambayoyi ko da guminsa ne.

A ce takarda ta yi kyau, gini ya yi ƙarfi, canji bai ci mutum ba. Saura zaman kansa, kuma wannan ne masu talla ba sa nunawa. Apartman an tsara shi ne don miji da mata ɗaya da yara biyu ko uku, waɗanda baƙonsu ke bugo waya kafin ya zo. Mutumin Gidan Rumji da ya yi gida a Yamai ya buɗe masauki ne ga garinsu, ko ya so ko bai so ba. Mai rakiyar mara lafiya zuwa babban asibiti, ɗalibin jami'ar Abdu Mumuni da bai sami ɗaki ba, maniyyaci mai jiran jirgi, duk wurinsa za su sauka. A gidan ƙasa akwai zaure da rumfa, a shimfiɗa tabarma kowa ya sami wuri ba tare da ya ga matan gida ba. A hawa na bakwai ƙofa ɗaya ce, daga ita sai falo. Ina za a ɗaure ragon layya, ina za a yanka shi? Ina za a kafa tukunyar suna? Turmi ma, idan aka daka a sama, na ƙasa zai hau da faɗa. Mai mata biyu kuwa sai ya sayi biyu masu daraja ɗaya, ko ya sayi fitina. Wanda ya ce zai rufe ƙofa ya huta da baƙi yana iya yi, amma ya san abin da ya sayar: a ƙasarmu har yanzu arzikin mutum ana auna shi da yawan waɗanda ke cin tuwo a ƙofarsa, kuma cinikinsa na aya da wake a kan waɗannan mutanen yake tafiya.

Kuɗin wata-wata ma ba ya yankewa. Gadi, shara, gyaran na'urar hawa, man janareta, famfon tura ruwa sama: ana biya ko mutum yana ciki ko yana Gazawa. Idan rabin masu benen suka ƙi biya, wanda ya biya ma a duhu zai hau matakala. Zakka ba ta hau kan gidan da ake zaune ciki, amma tana hawa kan kuɗin haya idan ya kai nisabi ya shekara, da kuma kuɗin gidan da aka saya don a sayar.

Sai ranar da ba a so a ambata. Gidan ƙasa idan mai shi ya rasu, magada kan ja katanga, kowa ya fasa ƙofarsa, gwauruwa ta zauna a ɗakinta. Gona a raba ta da igiya. Apartman ba ya rabuwa tsakanin mata biyu da 'ya'ya goma sha huɗu; dole a sayar, sau da yawa cikin gaggawa, a birnin da magadan ba su san kowa ba, wani lokaci a gaban kotun da ba su jin harshenta. Akwai kuma waɗanda ke ɓoye irin wannan saye ga iyalinsu saboda tsoron ido da tsoron 'yan bindiga, su tafi da sirrin kabari, gidan ya zama na dillali ko na wanda aka sa sunansa.

Ra'ayina a fili yake. Ga wanda tsaro ko jinya ko karatun yara ya tilasta wa komawa birni, kuma iyalinsa kaɗan ne, apartman da aka gama ginawa, wanda ya shiga da ƙafarsa ya buɗe famfo ya ga ruwa, ya tambayi mazauna yadda suke kwana idan kamfanin lantarki na NIGELEC ya ɗauke wuta, saye ne mai ma'ana, in dai da sunansa aka rubuta kuma a ƙasar da zai iya kai ƙara. Kafin ma ya saya, ya kama haya a benen na shekara ɗaya, ya ga damina ya ga bazara. Ga wanda ajiyar dukiya yake nema, fili mai takarda a kan tudu a unguwar Zariya ko Ali Ɗan Tsoho a Maraɗi, ko shago, ko sito a bakin babbar hanyar da ta ratsa Gidan Rumji da Cadawa da Gazawa, ya fi masa: yana ganinsa, ya san maƙwabtansa, magadansa za su iya raba shi, kuma magina da leburorin da za su ci abinci a kai 'yan garinsu ne. Na ce a kan tudu da gangan, domin ruwan ƙarshen Agusta 2024 ya rushe gidaje ya kashe mutane a cikin Maraɗi.

Idan bidiyon ya sake shigowa wayarka, mai karatu, kafin ka tambayi farashi ka ce wa dillali ya turo lambar takardar filin da sunan da ke kanta, ka kai wa noter ko lauyan da kai ka zaɓa ya bincika. Idan ya fara cewa saura guda uku kuma wani Alhaji na jira, ka bar wa Alhajin.